Makunnin da Ya Nutse

Kabo, farkon watan Rajab

Zuwa ga Yaya Naja'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da aiki, da mutanen Gwarzo baki ɗaya. Ni jiki da sauƙi, sai ƙafafu da suka kumbura. Ungozoma ta ce haka ciki yake yi idan ya tsufa. An ce kin zo gaisuwar rasuwar maigidana Badaruddeen ranar uku, ban gan ki ba saboda yawan jama'a. Allah ya ba da lada.

Za ki yi mamakin ganin takarda maimakon kira. Inna Altine, mahaifiyarsa, ta karɓe wayata tun ranar da aka kai shi, ta ce mai takaba ba ta hira a waya. Fita kuwa babu sai na haihu. Goggo Bushira maƙwabciyarmu, mai kai man gyaɗa Gwarzo, ita za ta kawo miki wannan, ita kuma za ki ba amsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Da aka rufe shagon hotonsa, an kwaso kayan an jibge a ɗakina, har da kwamfutarsa, babbar nan ta tebur. Shekaranjiya da aka kawo wuta na haɗa wayoyinta yadda na saba ganin yana yi, na danna makunni, shiru. Na sake dannawa, shiru. Na sa babban yatsa da ƙarfi, sai na ji ƙas, ya nutse ciki. Yanzu rami ne a wurin. Idan na girgiza ta ina jin abin yana yawo a cikinta.

Yaya, ba don aiki nake son ta ba. Kin san mai ɗaukar hoto kullum yana bayan kyamara. Ya wanke wa rabin Kabo hotunan bikinsu, namu yana ta cewa sai ya samu sarari. Wayarsa ta ragargaje tare da babur ɗinsa ranar da ya yi haɗarin. Hoto ɗaya da ke bango, yayansa Muntari ya sauke ya ƙona, wai hoton mamaci ba ya ƙara masa komai sai nauyi. Duk abin da ya rage na fuskarsa da muryarsa yana cikin akwatin nan. Ina so abin da ke cikina ya ga ubansa, ya ji yadda yake dariya.

Muntari ya fara maganar a sayar da kayan shago kafin su lalace. Kowa ya san ke ce mai gyaran kwamfuta a danginmu. Don Allah ki zo ki duba mini. Ke ma akwai abinki a ciki, idan kin zo zan nuna miki.

Ƙanwarki,
Zulaihat

*

Gwarzo, ranar Asabar

Zulaihat,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, aiki ma alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Badaruddeen, ya sauke ki lafiya. Ki riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi.

Kin gan ni ranar uku. Ina zaune kusa da ƙofa kika miƙo mini kwanukan da aka ci abinci, kika ce a fitar. Na fitar.

Na daɗe ina kallon kalmar da kika buɗe wasiƙarki da ita. Tun da aka kawo ni riƙo daga Madadi gidan Alhaji mahaifinki har na bar shi, na girme ki, amma ban taɓa jin Yaya a bakinki ba. “Ke” kike cewa, idan akwai baƙi kuma “'yar Madadi”. Ashe makunni ɗaya ya isa ya koya miki.

Ba zan zo ba, ba na rufe shago. Amma zan gaya miki yadda ake yi, don karyewar makunni ba mutuwar kwamfuta ba ce. Duk aikinsa shi ne ya haɗa wasu ƙananan ƙarafa biyu na ɗan lokaci, kuma hannu ma zai iya.

Ki fara duba bayanta. Kusa da inda babbar waya take shiga akwai ƙaramin makunni baƙi, ki tabbata yana kan layi, ba kan da'ira ba. Idan kin ga wani ja kusa da shi, kada ki taɓa, in kika tura shi za ta ƙone. Sai ki zare waya daga bango, ki kwance noti biyu na baya, ki ja murfin gefe. Za ki ga wasu siraran wayoyi sun taso daga gaba. Ki bi su da ido, za su kai ki ƙasan babban allon da ke ciki, inda suka hau kan wasu ƙarafa a tsaye kamar haƙoran mataji. Ki nemi kan wayar da aka rubuta P da W a jikinsa, ki zare shi, ƙarafa biyu za su bayyana. Ki mayar da wuta, ki taɓa su tare da bakin sukundireba, taɓawa ɗaya ki ɗauke hannu. Idan fanka ta juya, ta tashi.

Na san hannunki bai saba da aiki ba, amma noti biyu ne kawai.

Abin da kika ce nawa ne a ciki, na san shi. Ki riƙe kayanki.

Naja'atu

*

Kabo, tsakiyar Rajab

Yaya Naja'atu,

Ina gaisuwa. Ina fatan kin tashi lafiya. Ni kwana biyu baya ya matsa mini, ban iya sunkuyo sai da dabara. Wasiƙarki ta yi kwanaki a jakar Goggo Bushira, ta manta da ita a ƙarƙashin galan, duk gefenta ya sha mai, amma ta karantu.

Maganar da kika kawo ta da, wallahi ni ban ma tuna ba. Yarinta ce. Kuma ai Alhaji bai taɓa bari kin kwana da yunwa ba. Mu bar wannan.

Babu sukundireba a gidan nan, kuma ba zan iya aika a nemo ba sai an tambayi dalili. Da wuƙar yanka albasa na yi. Na jira Inna ta shiga wanka, na saki labule. Baƙin makunnin nan na baya a kan da'ira na same shi. Kin ga ke nan tun farko lafiyarta ƙalau, ni na karya ta a banza. Na zauna na yi kuka, sannan na ci gaba.

Na samu wayar mai P da W, na zare, na taɓa ƙarafan. Yaya, fanka ta juya! Sai da na saki wuƙar. Amma allon kallo baƙi ƙirin, babu ko ɗigo, ita kuma tana ta wani kuka, tsit, tsit, tsit, ba ta fasawa. Na ji tsoron kada Inna ta ji, na zare waya. Na gwada washegari, haka dai.

Me na ɓata? Ki gaya mini gaskiya ko abin da ke ciki ya tafi. Kuma don Allah ki haɗo Goggo da filash na ajiyar hotuna, ko ƙarami ne, don idan ta tashi in kwashe abin da nake so nan take. Na ga yadda yake yi, zan iya. Jiya Muntari ya leƙo da wani mutum, sun tsaya daga ƙofa suna nuna kaya.

Ƙanwarki,
Zulaihat

*

Gwarzo, ranar Laraba

Zulaihat,

Na samu saƙonki, ina amsa gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙi.

Na yarda ba ki tuna ba. Da kin tuna ma da ya fi mini daɗi.

Babu abin da ya tafi. Kukan da take yi cewa take ba ta ga memorinta ba, wato abin da take riƙe aiki da shi idan tana kunne. An kwaso ta daga shago an jibge, ke kuma kin ce kina girgiza ta kamar gwangwanin ashana, dole wani abu ya saki. A kan babban allon za ki ga wani abu siriri kore, tsawon yatsa biyu, a tsaye cikin kwarinsa, da maƙalai farare a gefe da gefe, shi ne memorin. Ki zare wuta tukuna. Ki danna maƙalan, ki ciro shi, ki goge bakinsa mai ruwan zinare da magogin fensir, ki hure kwarin, ki mayar. Ki danna sosai har ki ji ya ce ƙas. Wannan karon an yarda ki yi ƙarfi.

Karyayyen makunnin kuma ki karkata akwatin ya faɗo, kada ya maƙale a fanka.

Filash kuwa, bari ta tashi tukuna. Kada mu yi gaggawa.

Naja'atu

*

Kabo, ranar Lahadi da yamma

Yaya Naja'atu,

Ina gaisuwa, ki yi haƙuri da rubutun, a gurguje nake yin sa. Na roƙi Goggo Bushira ta taso gobe da sassafe ko ba ta da man kaiwa.

Kwamfutar ta tashi. Yau da hantsi na yi yadda kika ce, na taɓa ƙarafan, kuka ɗaya ta yi allon ya kawo haske. Na san inda yake ajiye namu. Akwai wani bidiyo da ya ɗauka bara, ya sayi sabuwar ƙafar kyamara yana gwadawa, ya kafa ta a tsakar ɗaki muna cin ɗanwake. Babu komai a ciki, ci kawai muke yi. Na danna.

Na manta sifikun a ƙure suke yadda ya bar su a shago. Muryarsa ta cika gidan. Inna tana tsakar gida tana tuƙa tuwo, sai ga ta a ƙofata da muciya a hannu tana cewa, “Wane ƙaton ne a ɗakin mai takaba? Zulai, ko wata uku ba a yi ba!” Ta ɗaga labule. Daidai nan ya ƙware, yana tari yana dariya yana cewa, “Zulai, ruwa! Yajin nan naki zai kashe ni.” Inna ta kalli allon, ta ce, “Badaru?” Ta miƙa hannu kamar za ta ba shi ruwan. Sai ta zube.

An yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, amma har yanzu tana kwance. Muntari ya shigo ya ga akwatin a buɗe, ga wuƙa a ƙasa, ga noti a murfin kwano. Ya tara matan gida ya ce su shaida, wai na farke dukiyar magada ina cire kayan ciki, kuma na nemi kashe musu uwa. Na ce hoton mijina nake kallo. Ya ce, “Mijinki yana kabari, addu'a yake buƙata, ba kallo ba.” Ya fizge waya daga bango fuskarsa tana kan allon. Ya ɗaure kwamfutar a bayan babur ɗinsa.

Na ji yana gaya wa matarsa gobe wurinki zai kai ta, ki sa sabon makunni, ki goge komai, ya samu mai saye.

Yaya, da kin aiko filash ɗin nan da yanzu yana cikin zanina. Ban ce laifinki ba ne. Allah ne ya mayar da ita hannunki, ba hannun bare ba. Kafin ki taɓa komai ki buɗe inda aka rubuta sunana, ki kwashe. In ba zai yiwu duka ba, na ɗanwaken nan kaɗai ya ishe ni. Muntari ba zai sani ba, bai san komai a kanta ba. Na gaya miki ke ma akwai abinki a ciki. Ki ceto mini nawa, zan gaya miki inda naki yake.

Ina roƙonki don zumuncin kakanninmu.

Ƙanwarki,
Zulaihat

*

Kabo, farkon Sha'aban

Yaya,

Ina gaisuwa. Goggo Bushira ta ce hannu da hannu ta ba ki, kika ce to. Ta koma sau biyu, kika ce babu saƙo tukuna. Na gaya wa kaina aiki ne ya yi miki yawa, ko kuma kina tsoron kada filash ya ɓata a jakarta, kina jira ki kawo da kanki ranar suna. Idan haka ne kin kyauta. Ki rubuto ko layi ɗaya ne in samu barci. Ungozoma ta ce ko yaushe yanzu.

Zulaihat

*

Gwarzo, ranar Alhamis

Zulaihat,

Ina amsa gaisuwa. Lafiyata ƙalau. Allah ya raba ku lafiya.

Zan iya ce miki wasiƙarki ta makara, kuma za ki yarda. Ba ta makara ba. Goggo Bushira ta riga Muntari isowa, don ya tsaya shan mai. Na karanta ta har ƙarshe.

Ba a samun makunnin irin wannan akwati yanzu, don haka na ɗauko wayar ƙaramin maɓallin da ke ƙasansa na mayar kan ƙarafan nan biyu. Yanzu da shi ake kunnawa. Na toshe ramin. Memorin kin mayar da shi daidai, wannan na yaba miki.

Na kalli ɗanwakenku. Mutumin kirki ne, yana da dariya mai daɗi. Na ga kin miƙa masa ruwa ba ki ko kalle shi ba.

Sannan na nemi abin da kika ce nawa ne, na same shi a cikin tsofaffin ayyukansa. Ranar saukarki ta Alƙur'ani, lokacin yana yaro mai yawo da kyamara, aka kira shi gidan Alhaji. Tun asuba nake wanke-wanke. Da aka zo ɗaukar hoto na sa atamfata ta Sallah na tsaya a ƙarshen layi. Kika ce, “Mai hoto, dakata. Ke, matsa, na 'yan gida ne.” Aka yi dariya. Kika cire takalmanki masu tsini kika ba ni in riƙe, don sun matse ki. Hoton da aka rataya a falon Alhaji babu ni. Amma na asalin yana nan. Ga ni a gefe, rabin fuska, da takalmi a hannu. Wannan kika adana mini, har kina neman ki yi ciniki da shi.

Mai kaya ya ce a goge, ni kuma aikin da aka ba ni nake yi. Ba gogewar sama-sama na yi ba, wadda ake iya dawo da abu, ta ƙasa na yi. Wani mai shagon tura finafinai a waya daga Sabon Birni ya saya, a gabana ya fara loda mata kaya, ya ce kafin dare zai cika ta. Kada wani ya ruɗe ki cewa akwai mai iya tono wani abu. Babu.

Za ki ce na zalunci jariri. Ni uwata ta ba da ni ina shekara bakwai, ta juya ta hau mota ba ta waiwayo ba. Ban sake taka Madadi ba sai da aka ce ta rasu. Ko hotonta ba ni da shi, muryarta ma ta ɓace mini, kuma ga ni ina raye ina cin abinci. Naki ma zai rayu. Ki gaya masa ubansa addu'a yake buƙata, ba kallo ba.

Ba ki fitar da karyayyen makunnin ba kamar yadda na ce. Na same shi a ƙarƙashin fanka. Ga shi nan a cikin ambulan, shi kaɗai ne Muntari bai sayar ba.

Yayarki,
Naja'atu

*

Kabo, ƙarshen Sha'aban

Naja'atu,

Ina gaisuwa. Na sauka lafiya, namiji ne, an mayar masa da sunan ubansa. Inna Altine ta warware, ta ce hancin na Badaru ne, matar Muntari ta ce na kakansa ne. Ina jin su, ba ni da abin da zan ɗauko in raba gardama. An mayar mini da wayata, amma wannan maganar na fi so ta zo miki a rubuce, don ki samu abin maimaitawa.

Hoton sauka ban san yana ciki ba. Na gaya miki ban tuna ranar ba, har yanzu ma ban tuna takalman ba.

Ga abinki. Watanni kaɗan kafin Inna Badi'a, mahaifiyarki, ta rasu, ta zo Kabo wurin mai magani. Ta nemi shagon Badaruddeen da tambaya. Ta ce masa ta ji yana da na'urar da ke riƙe magana, tana so ya riƙe mata wata ya kai wa 'yarta, tunda 'yar ba ta zuwa, ba ta kuma amsa aike. Ya zaunar da ita a kujerar ɗaukar hoto, gaban labulen nan mai zanen furanni. Tana sanye da shuɗin mayafi mai ƙonewar guga a gefe. Ta tambaye shi ina za ta kalla, ya nuna mata. Ta gyara zama, ta goge bakinta, ta daɗe tana magana. Sau biyu ya tsayar don ta sha ruwa.

Ya ce in kai miki idan na je Gwarzo. Na je Gwarzo sau da yawa, kullum da abin da ya fi wannan a gabana. Bai sa masa sunanki ba, yana cikin ayyukan wannan watan da lamba kawai, tsakanin wani bikin suna da wani ɗaurin aure. Da kin buɗe su ɗaya bayan ɗaya da kin gan ta. Kin tsaya kallon kanki.

Ni na kalla, shi ma ya kalla. Shi ya tafi. Yanzu duk duniya ni kaɗai na san abin da ta ce, kuma ina da riƙo idan na ga dama. Ta fara da wani suna da take kiranki da shi kina goye, wanda ban taɓa jin kowa ya kira ki da shi ba. Ta faɗi dalilin da ya sa ba ta waiwayo ba ranar da ta hau motar. Akwai dalili, kuma ba wanda kike zato ba ne.

Iyakar abin da za ki samu ke nan. Kada ki aiko Goggo Bushira, na gaya mata ta daina karɓa. Kada ki zo barka. Idan muka haɗu a wani taron dangi zan gaishe ki da kyau, har Yaya zan ce miki a gaban mutane.

Ga makunnin nan na mayar miki. Ki danna.

Zulaihat